Sabulu da Kyandir na Hannu: Awo, Haɗi, Kurakurai da Lissafin Sayarwa

A yawancin wuraren koyon sana'a, abin da ake fara damƙa wa mai koyon sabulu shi ne awon gwangwani: biyu na mai, ɗaya na ruwan soda, wato caustic soda da aka jiƙa a ruwa. Awon ba ƙarya ba ne, sai dai yana da sharuɗɗa biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, man ya zama alayyadi zalla, wato man ƙwallon kwakwar manja da 'yan kasuwa ke ce wa PKO. Na biyu, ruwan sodar ya zama an jiƙa kilo 1 na soda a lita 3 na ruwa, an bar shi ya huce sarai, har ma'aunin kaurin ruwa da ake kira haidiromita ya tsaya a wajen 1275. Lita ɗaya ta irin wannan ruwa tana ɗauke da soda kusan giram 320, kuma abin da lita biyu na alayyadi ke ci ke nan, babu ragi babu ƙari. Sabulun wanki mai kyau zai fito.

Ranar da alayyadi ya yi tsada aka maye gurbinsa da manja, aka kuma bar awon yadda yake, an shiga uku. Lita biyu na manja soda giram 260 kawai suke ci. Sauran giram 60 ɗin suna nan a cikin sabulun ba su da abin ci sai fatar wanda ya saya. Daga nan ne ake samun sabulun da ke tsage hannu, yana ɗaye fata tsakanin yatsu, mai shi kuma ya ce sodar bana ce ta fi ƙarfi. Sodar ba ta da laifi. Kowane mai da adadin sodar da yake ci, kuma nauyi ake aunawa, ba cikar mazubi ba. Don haka kafin mai, kafin turare, kafin kwali mai ado, abin da za a fara saya shi ne sikelin lantarki mai nuna giram ɗaya-ɗaya, wanda ke ɗaukar kilo 5.

Kayan aiki da maganar soda

Bayan sikeli, ana buƙatar bokitin roba mai kauri. A duba gindinsa, in an ga lamba 5 ko 2 cikin ɗan alamar kusurwa uku, zai jure zafin soda. Sai muciya ta roba mai ƙarfi ko ta ƙarfe mara tsatsa, ma'aunin zafi, safar hannu ta roba mai tsawo, tabarau mai rufe gefen ido, da riga mai dogon hannu. Blanda ta hannu tana mayar da aikin awa ɗaya ya koma na minti biyar, amma ba dole ba ce a farko. Tukunyar sanholo kuwa, wato alminiyam, kada ta kusanci soda ko da wasa: sodar tana cin ta, haɗin ya yi baƙi, kuma yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Kayan da aka ware wa sabulu sun bar kicin ke nan har abada.

Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. In aka juya, tana iya tafasa nan take ta fantsamo a fuska. A zuba ta kaɗan-kaɗan ana juyawa, a waje ko bakin taga, a kau da fuska daga tururin. Cikin minti ɗaya ruwan da ke da sanyi zai haura digiri 80. In ya taɓa fata, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 15 zuwa 20, ba manja ba, ba man shafawa ba. In ido ne, a yi ta wankewa ana kan hanyar asibiti.

Babban haɗarin dai ba na mai haɗi ba ne, na yara ne. Ruwan soda da ya huce ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya da bambanci da ruwan randa. Yaron da ya kurɓa yana iya ƙone maƙogwaro ƙunar da ba ta warkewa sai da tiyata. Kada a taɓa ajiye shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo, kada a bar shi ya kwana a tsakar gida da sunan yana hucewa. A rufe, a rubuta a jiki, a kulle ɗakin. In tsautsayi ya faɗa, kada a sa yaron amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi. Asibiti kawai.

Ita sodar a buhun kilo 25 take zuwa, wata ɓarzajjiya kamar ɓawon kifi, wata ƙwaya-ƙwaya kamar sukari, duka aiki ɗaya suke yi. Tana zuƙar danshin iska da sauri, don haka wadda ta dunƙule ko ta jiƙe ta rage ƙarfi, kuma nauyinta ya haɗa da ruwa. A sayi daidai buƙata, a zuba a robar da murfinta ke kamawa sosai.

Wane mai, kuma soda nawa

Ga adadin sodar da giram 1,000 na kowane mai ke ci: man kwakwa kusan giram 183, alayyadi 176, kitsen shanu 143, manja 142, man gyaɗa 137, man zaitun 135, man riɗi 134, man kaɗanya 128. Waɗannan lambobi su ne jarin mai sabulu, a rubuta su a bangon wurin aiki.

Halinsu ma ya bambanta. Alayyadi da man kwakwa su ne masu kumfa da cire datti, amma in suka wuce kashi 30 zuwa 35 cikin 100 a sabulun wanka suna busar da fata, balle da hunturu. Manja da kitse suna ba da tauri, sabulu ya daɗe bai narke ba. Man gyaɗa yana sanyaya haɗi ya yi laushi a jiki, amma yana saurin tsufa, don haka kada ya wuce kashi 20 zuwa 25. Man kaɗanya, wanda ake samu da yawa a jihohin Neja, Kwara da Kebbi, kashi 10 zuwa 15 ya isa. In ya yi yawa kumfa ke raguwa, mai saye kuma da kumfa yake auna sabulu.

Ga haɗin sabulun wanka na kilo ɗaya na mai da za a iya dogara da shi: manja da aka kashe wa launi giram 400, alayyadi 300, man gyaɗa 200, man kaɗanya 100. Lissafin sodarsa: manja 56.8, alayyadi 52.8, man gyaɗa 27.4, kaɗanya 12.8, jimla kusan 150. Daga nan a cire kashi 5 cikin 100, ya rage giram 142. Wannan ragin da gangan ake yin sa, domin ɗan man da bai zama sabulu ba ya rage ya tausasa fata, kuma ya rufe ƙaramin kuskuren sikeli. Ruwa giram 290, shi ma a sikeli. Turare giram 20 zuwa 30. Duk ranar da aka canza ko da mai ɗaya ne daga ciki, a sake lissafin daga farko.

Jan manja yana ba da sabulu ruwan lemo, kumfarsa kuma tana iya ɓata farin tawul. Ana kashe launin ta hanyar ɗora shi a wuta a buɗaɗɗiyar tukunya har jan ya koma ruwan ɗorawa mai haske. Aiki ne na waje, mai hayaƙi, kuma man yana iya kama wuta in aka bar shi, don haka wanda zai iya sayen wanda aka riga aka tace ya huta. A kuma narkar da jarkar manja gaba ɗaya a girgiza kafin a ɗiba, saboda mai kaurin yana kwantawa ƙasa, mai ruwan ya taso sama, kuma ba sabulu iri ɗaya suke bayarwa ba. Ruwa kuwa, na rijiya mai zartsi yana kashe kumfa. Ruwan sama da aka tace ko ruwan da aka tsarkake ya fi.

Haɗin kansa

A auna ruwa, a auna soda a busasshen kofi, a haɗa, a ajiye ya huce. A narkar da alayyadi, manja da kaɗanya a wuta kaɗan, a sauke, a zuba man gyaɗa. Abin da ake so shi ne mai da ruwan soda duka su sauko tsakanin digiri 35 da 45. Da bazara a Kano ko Sakkwato zafin ɗaki ma ya kusa kai haka, sai dai a jira kawai. Da hunturu kuwa dole a kula, domin alayyadi da kaɗanya suna daskarewa da sanyin safiya. In aka zuba ruwan soda mai sanyi a kansu, haɗin zai yi kauri nan da nan kamar ya haɗu, alhali man ne kawai ya daskare. A zuba shi a mazubi a haka, gobe a tarar da mai a sama, ruwan soda a ƙasa.

A tsiyaya ruwan sodar cikin mai a hankali ana juyawa. Mai blanda ya nutsa kanta ƙasa kafin ya kunna, ya riƙa kunnawa na daƙiƙa goma yana kashewa yana juyawa da ita. Haɗin zai tashi daga mai mai sheƙi ya koma kamar koko mara kauri, sannan kamar kunun gyaɗa. Ga alamar da ake jira: a ɗaga muciya a ɗiga haɗin a saman sauran. In layin da aka ɗiga ya kwanta a sama na ɗan lokaci ana ganin sawunsa kafin ya nutse, ya yi. In ya ɓace nan take, ko ana ganin zaren mai yana yawo a gefen bokiti, da saura. Da hannu wannan yana iya cin minti 30 zuwa awa ɗaya.

A wannan gaɓar ake sa turare da launi, a juya da muciya, ba da blanda ba. Turaren ya zama na mai, wanda aka yi don sabulu. Turaren fesawa yana ɗauke da sinadarin barasa, kuma da ya shiga haɗin zai iya ƙanƙamewa ya zama kamar tuwon da ya kwana kafin a ɗauko mazubi. Wasu turarukan fure da na kanumfari ma suna hanzarta kauri, mai ƙamshin banila kuma yana mayar da farin sabulu ruwan ƙasa cikin 'yan makonni. Kowane sabon turare a gwada shi a haɗin giram 200 tukuna. Garin gawayi mai laushi ko kurkum, ƙaramin cokali ɗaya a kowane giram 500 na mai ya isa. Zuma ma haka, a narkar da ita a ɗan ruwa, a kuma sani tana ƙara wa haɗi zafi.

Mazubi na iya zama akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, ko na silikon, ko bututun roba na famfo da aka toshe ƙasansa. A zuba, a bubbuga shi a ƙasa iska ta fita, a rufe saman da leda. Da sanyi a lulluɓe da tsohon bargo. Da zafi kada a lulluɓe, a ma sa shi inda fanka ke kaɗawa, in ba haka ba tsakiyarsa za ta kumbura ta tsage. Bayan awa 24 zuwa 48 a cire da safar hannu, a yanka da wuƙa ko siririyar waya, a jera a kan katako ko kwali da tazarar yatsa tsakani, a inuwa mai iska. Sati 4 zuwa 6, ana juya su duk mako. A wannan zaman ruwa ke fita, sabulun ya yi tauri ya kuma yi sanyi a jiki. Sabulun sati ɗaya zai yi kumfa, amma kwana uku a banɗaki ya zama kunu, mai sayen kuma ba zai dawo ba. Kilo ɗaya na mai yana ba da guda 12 zuwa 13 masu nauyin giram 100 bayan sun bushe.

In ya ɓaci

Sabulun da ke marmashewa lokacin yanka, yana da fari-fari a ciki, soda ta yi masa yawa. Bayan kwana uku a jiƙa yatsa a shafa shi a taɓa ƙarshen harshe: in ya yi tsirr kamar an lasa batir, akwai soda a sake. Takardar gwajin asid ma tana taimakawa, sabulu lafiyayye yana tsayawa tsakanin 9 da 10. Wanda ya ƙi tauri har bayan mako guda, yana maiƙo, ko dai soda ta gaza ko kuwa tsohuwa ce da ta sha danshi. Farin gari a saman kawai kamar an barbaɗa alli, wannan ba komai, soda ce ta haɗu da iska tun haɗin bai gama ba, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗige-ɗige ruwan lemo masu warin tsohon mai da ke fitowa bayan wata ɗaya ko biyu suna nuna man ya tsufa tun kafin a yi aiki da shi, ko an shanya sabulun a kan ƙarfe mai tsatsa. Wannan ba ya gyaruwa, kuma shi ya sa ba a sayen man gyaɗa sai an shinshina. Da damina sabulu yana zufa, saboda gilisarin da ke cikinsa yana jawo danshi. Ba lalacewa ba ce, a bar shi ya gama bushewa sannan a naɗe.

Wanda kuskurensa sananne ne, misali an manta man kaɗanya a gefe, ana iya ceto shi: a goge shi a magogi, a zuba abin da aka manta da ɗan ruwa, a dafa a tukunya cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, a danna a mazubi. Ba zai yi kyan gani ba, amma zai yi aiki. Wanda ba a san me ya same shi ba, a bar shi ga wankin tsumma a gida.

Abu ɗaya da ba kuskure ba ne, ganganci ne: zuba mayukan bilicin cikin sabulu, musamman cikin sabulun salo, a sayar da sunan mai sa haske. Hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin makuri, wato zaiba, a kayan shafa, kuma yana lalata ƙoda. Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid kuma suna sirantar da fata har ta riƙa tsagewa. Kasuwarsa tana da sauri, ƙarshenta kuma ba kyau ga mai saye da mai sayarwa.

Kyandir

Farin kyandir na ɗauke wuta ba inda ƙaramin mai sana'a zai ci riba ba ne. Kamfanoni suna zuba dubbai a injin, fitilar caji da ta sola kuma sun cinye rabin kasuwar. Inda kuɗi yake shi ne kyandir mai ƙamshi a kofin gilashi ko gwangwani: jeren ɗakin amarya, kyautar biki, otal da gidan abinci, sai kuma dogayen kyandir na coci a garuruwan da ake da buƙatarsu.

Kaki uku ne a kasuwa. Farafin shi ne mafi araha kuma ya fi riƙe ƙamshi. A nemi mai lamba 58/60, wato wanda ke narkewa a wajen digiri 58 zuwa 60, domin mai ƙasa da haka yana lanƙwashewa a shago da zafin Afrilu. In kyandir mai tsayuwa da kansa za a yi, a ƙara sitiyarik asid giram 10 a kowane giram 100 na farafin, yana ƙara tauri da fari, yana kuma sa ya fita daga mazubi cikin sauƙi. Kakin waken soya yana da laushi, na kofi ne kawai, kuma zafi yana wahalar da shi. Kakin zuma, wanda ke narkewa a digiri 62 zuwa 64, shi ne wanda ake yawan mantawa da shi alhali yana kusa: masu matsar zuma da dama zubar da saƙar suke yi. A saya, a tafasa a ruwa, a tace da tsumma, a bari ya huce. Kakin zai taso sama ya daskare kamar faifai, datti ya kwanta a ƙasansa, a kankare. Sau biyu ya isa.

Ba a ɗora kaki kai tsaye a wuta. A sa shi a gwangwani ko jug na ƙarfe, a tsoma cikin tukunyar ruwa mai zafi, ta haka ba zai wuce digiri 100 ba. In ya taɓa kama wuta, a kashe gas a rufe da murfi. Ruwa a kan kaki mai ci yana sa wutar ta yi tsalle har rufi.

Don sanin kakin da kofi zai ci, a cika shi da ruwa zuwa inda ake so, a auna ruwan, a ninka da 0.86. Kofin da ya ci ruwa giram 200 zai ci kusan giram 170, wato kaki 160 da turare 11. Turare kashi 6 zuwa 8 cikin 100 ke nan, kuma kada a wuce 10, domin abin da kaki ya kasa riƙewa yana tsatsowa sama kamar gumi, ya toshe lagwani, wani lokaci ya kama wuta. A narkar da kakin ya kai digiri 80 zuwa 85, a sauke, a zuba turare da launi, a juya minti biyu cur. Launin ya zama na kyandir mai narkewa a mai. Kalar girki ba ta haɗuwa da kaki, kalar zanen yara kuma tana toshe lagwani wutar ta mutu. A manna gindin lagwani a tsakiyar kofi, a riƙe samansa da tsinke biyu, a ɗan ɗumama kofin, a zuba kakin in ya sauko wajen digiri 65 zuwa 75. Farafin yana ƙanƙancewa in yana hucewa, sai rami ya fito kusa da lagwani. A rage ɗan kaki a gefe, a huda saman da tsinke, a sake ɗumama ragowar a cike. Kada a sa a firji don sauri, tsagewa yake yi. Farafin ya huta kwana 3 kafin a kunna, na soya sati ɗaya zuwa biyu.

Kofin ya zama gilashi mai kauri ko gwangwanin ƙarfe. Ƙoƙo da ɓawon kwakwa suna da kyau a hoto, amma itace ne, suna cin wuta. Kaskon da ba a shafe cikinsa ba yana shan kaki har shi kansa ya zama lagwani.

Lagwani shi ne rabin kyandir, kuma ba a sanin wanda ya dace sai an ƙona. A sayi saƙaƙƙen lagwanin auduga girma uku, a zuba kofi uku iri ɗaya, a datse kowanne ya rage milimita 5 zuwa 6, a kunna tare. A ba su awa ɗaya a kan kowane santimita 2.5 na faɗin kofin, wato kofi mai faɗin santimita 7.5 awa uku. Wanda ya dace, narkakken kakinsa zai kai bakin gilashi ko'ina, zurfinsa wajen santimita ɗaya, harshen wutar a tsaye ba ya rawa. Wanda ya haƙa rami a tsakiya ya bar katangar kaki a gefe ya yi ƙanƙanta. Wanda ke hayaƙi, kansa ya yi dunƙulen baƙi, gilashin ya yi zafin da ba a iya taɓawa, ya yi girma. Kakin zuma yana son lagwani mai kauri fiye da farafin, kofin da ya wuce santimita 9 kuma gara a sa masa biyu. A ci gaba da ƙona wanda aka zaɓa har ƙasa, domin a rabin ƙarshe ne kofi ya fi zafi, a nan ne kuma yake fashewa. In an canza turare ko kofi, a sake gwajin.

Kuɗin

A ɗauki littafi, kowane haɗi da shafinsa: rana, lambar haɗi, nauyin kowane abu, inda aka sayi man, abin da ya fito. Daga wannan shafin ake fitar da farashi. A ce, don misali kawai tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, mai da soda da turare sun ci naira 7,000, leda da takardar suna 1,200, gas da kuɗin mota 800, ladan aikin mai haɗi 1,800. Jimla 10,800. A raba da 12, kowane guda ya tsaya a 900, kuma in aka ware ɗaya na gwaji ko wanda ya ɓaci aka raba da 11, ya kusa 1,000. Daga nan riba ke farawa. Mafi yawan masu farawa kuɗin mai da soda kawai suke ƙirgawa, su manta da ladan kansu da kuɗin keke-napep, sai a yi wata shida ana ciniki jarin yana raguwa ba a san dalili ba. Farashi biyu ake yankawa tun farko, na sari da na ɗaiɗai, kuma na sarin ma dole ya bar riba, domin mai shago zai ɗora tasa a kai. Bashi kuwa, sabulu wanke kansa yake yi ya tafi, wanda ya karɓa ya gama amfani da shi ba ya jin zafin biya.

Kayan haɗi sun fi sauƙi a wurin 'yan kemikal na manyan kasuwanni kamar Sabon Gari a Kano ko Ojota a Legas. Masu ƙaramin jari su haɗa kuɗi su sayi buhun soda da jarkar alayyadi su raba da sikeli, ya fi awon leda araha nesa ba kusa ba.

A jikin kowane sabulu a rubuta sunan sana'a, nauyinsa bayan ya bushe, abin da ke ciki, ranar haɗi da lambar haɗi. Na kyandir a ƙara gargaɗi: kada a bar shi yana ci ba kowa, a nisanta shi da labule da yara, kada ya wuce awa huɗu a kunne. Kada a rubuta cewa sabulu yana maganin ƙyasbi ko makero, kada kuma a ce kyandir mai ƙamshin ciyawar lemun tsami ya maye gurbin gidan sauro. A Najeriya ana rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, sabulun wanka kuma yana cikin kayan da NAFDAC ke yi wa rajista, kuma manyan shaguna sukan nemi lambarta kafin su ɗora kaya a kanta.

Iri biyu ko uku sun isa farawa, masu fitowa iri ɗaya kowane lokaci. Ƙananan yanka na giram 20 da ake bai wa masu gyaran jiki da masu shirya kayan biki sun fi hoton WhatsApp jawo oda, saboda ƙamshi da kumfa ba sa shiga waya. Kyandir da za a aika wani gari a naɗe kowane kofi da takarda, a tsayar da shi a kwali, a ba motar asuba, kada ya yini a but ɗin mota.

Sai lissafin lokaci. Tunda sabulu yana kwashe sati shida a kan katako, kuɗin da aka zuba yau ba ya dawowa sai bayan wata ɗaya da rabi. Maimakon a juye jari duka a haɗi ɗaya, a raba shi, a riƙa zuba ƙarami duk mako, ta yadda daga mako na bakwai kullum akwai wanda ya nuna. Na ƙaramar Sallah a zuba shi tun tsakiyar Sha'aban, na bukukuwan Disamba kuma kafin Oktoba ya ƙare. Daga kowane haɗi a ajiye guda ɗaya da lambarsa a kan shiryayye na tsawon shekara, domin in mai saye ya dawo da ƙorafi a ɗauko ɗan'uwansa a duba.